Baba ya ce shago, ni kuwa an kira ni kocin besbol a Accra

Assalamu alaikum Malam. Ni saurayi ne ɗan shekara 28, haifaffen Aboabo a Kumasi. Ina sakandare babu wasan da ban taɓa ba: gudun mita 100, gudun miƙa sanda, jifan mashi, ƙwallon hannu, kuma ni ne golan makarantarmu. Na sha wakiltar makaranta a gasar makarantun sakandare ta Inta-Ko a filin Baba Yara, har mutanen unguwa suka ɗauka Turai zan tafi. A shekarar ƙarshe na ji ciwo a gwiwa, maganar ƙwallon ƙafa ta mutu. Ana nan sai wani Bajapane ɗan sa-kai ya koya mana besbol, na kamu da son wasan. Shekara shida ke nan ina tara yara a wani fili bayan la'asar ina koya musu, ba a ba ni ko kwabo. Da safe ina shagon Baba a Suame Magazine, inda yake sayar da kayan gyaran mota.

Yanzu wata makarantar kuɗi a Accra da wata ƙungiya sun ce in zo in zama kocin besbol ɗinsu, za su biya ni. Albashin ba shi da yawa, kuma da baki muka yi magana, ba a rubuta komai ba tukuna. Sun ce shekara ɗaya, in abin ya yi kyau a ƙara. Da na gaya wa Baba sai ya ce taura biyu ba ta taunuwa, ni kuwa biyar na cusa a baki, shi ya sa ban zama komai ba. Ya ce wasa na yara ne, in na tafi kada in ƙara kiran shagon nawa. Baba yana da hawan jini, ni ne babban ɗansa namiji. Ina da ƙane da ya gama sakandare yana zaune, da ƙanwa da ta karanta akanta. Kuma an sa mini rana bayan Babbar Sallah, iyayen yarinyar da shago suka san ni. Na karanta tarihin Dave Roberts, kocin Dodgers, kulob ɗin besbol na Los Angeles a Amurka, wanda shi ma wasa uku ya yi a makaranta, na ce me zai hana ni? Malam, in tafi ko in haƙura? Ina tsoron fushin Baba, ina kuma tsoron in tsufa da baƙin cikin abin da ban gwada ba.

Wani matashi, Kumasi

Wa'alaikumus salam, ɗana. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya sa albarka a auren da ke gabanka.

A cikin wasiƙarka duka, abin da na ga ya fi yi maka ciwo ba aikin Accra ba ne, kalmar nan ce ta "ba ka zama komai ba". Da ita zan fara, domin in ka yanke shawara kana ɗauke da ita a zuci, ko dai ka tafi don ka nuna wa Baba, ko ka zauna don ka yarda da ita, kuma duka biyun ba alheri. Saurayin da ya shekara shida yana buɗe shagon mahaifinsa da safe, ya koma ya tara 'ya'yan mutane da yamma ya hana su yawon banza, bai nemi lada a hannun kowa ba, wannan ya zama wani abu. Iyayen yaran nan sun san haka, kuma ina kyautata zaton Baba ma ya sani. Magana ce ta fito a lokacin da tsoro ya kama shi.

Wasannin nan da yawa kuma ba asara ba ne, su ne jarinka. Ka dubi abin da besbol yake nema a jikin yaro. Tsakanin tasha da tasha, wato wuraren da ɗan wasa yake gudu ya taka bayan ya bugi ƙwallo, ƙafa 90 ne, wanda ya san tashin gudun mita 100 shi ya san yadda ake cin wannan tazarar kafin ƙwallo ta iso. Mai jifa yana jefa ƙwallo daga tazarar ƙafa 60 da rabi, kuma ƙarfin jifan daga ƙafa da ƙugu yake tasowa kafin ya kai kafaɗa, abin da mai jifan mashi ya riga ya sani a jikinsa. Gola kuwa ya saba karanta ƙwallo tun tana sama, ya saba faɗuwa ba tare da ya ji ciwo ba. Har ciwon gwiwar ma ya bar maka ilimin da mai lafiya ba shi da shi: kai ba za ka bar yaro ɗan shekara goma sha biyu ya yi ta jifa har gwiwar hannunsa ta lalace don a ci kofi ba. Jackie Robinson, baƙar fatan da ya fara shiga babbar gasar besbol ta Amurka a zamanin nan, a 1947, wasa huɗu ya yi fice a cikinsu a jami'ar UCLA: besbol, ƙwallon kwando, ƙwallon ƙafar Amurka da tsalle-tsalle. Babu wanda ya ce masa ya raba hankali. Karin maganar Baba gaskiya ce ga ɗan wasan da ke neman kulob, amma mai koyarwa, gwargwadon abin da ya taɓa, gwargwadon abin da zai bayar.

To amma tunda ka kawo Dave Roberts, bari mu bi sawunsa tun daga farko, kada mu tsaya ga hotonsa yana ɗaga kofi. Gaskiya ne ya yi ƙwallon ƙafar Amurka da kwando da besbol a sakandare a Kalifoniya. Daga nan jami'a ya shiga, UCLA shi ma. A 1994, a zaɓen sababbin 'yan wasa da kulob-kulob suke yi, aka zaɓe shi can a zagaye na 28, wato ba wanda ya yi rububinsa. Ya yi shekaru yana fama a ƙananan gasa, sai 1999 ya taka babban fili, yana ɗan shekara 27. Ya buga har 2008. A 2011 ya fara aikin ƙaramin koci a San Diego, sai a kakar 2016 aka ba shi Dodgers, ya ci kofin ƙarshe da su a 2020 da 2024 da 2025. Abin da nake so ka lura da shi: a kowane mataki na wannan doguwar tafiya akwai mai biyansa. Babbar gasar Amurka kulob 30 ce, kowane kulob yana da ƙananan ƙungiyoyi a ƙarƙashinsa, ga jami'o'i, ga sakandare, kowacce tana ɗaukar koci da albashi. Wanda ya faɗo daga sama akwai inda zai tsaya a tsakiya. Mu a Ghana ba mu da gasar besbol ta ƙwararru mai biyan albashi irin wannan. Wasan yana raye ne da ƙoƙarin hukumar besbol ta ƙasa, da 'yan sa-kai, da taimakon ƙasashen waje, musamman Japan, waɗanda da hannunsu aka samu filin da ke Labone a Accra. Tallafi kuwa yana da wa'adi. Yau akwai, gobe mai bayarwa ya juya wani wuri.

Ba ina kashe maka gwiwa ba ne. Ƙofa tana buɗewa a Afirka, sannu a hankali. An buga besbol a wasannin Afirka na 1999 a Johannesburg da na 2003 a Abuja, Afirka ta Kudu ta ɗauke duka biyun. Yaran Yuganda daga Lugazi sun je gasar duniya ta ƙananan yara a Amurka a 2012, kuma a 2022 Dodgers ɗin nan da kake so ta sa hannu da samari biyu 'yan Yuganda. Gift Ngoepe ɗan Afirka ta Kudu, wanda ya tashi a ɗakin da ke jikin filin wani kulob inda mahaifiyarsa take aiki, ya sa hannu da kulob ɗin Pittsburgh na Amurka a 2008, bai taka babban fili ba sai 2017. Wasan zai koma Olamfik a Los Angeles a 2028. Duk wannan yana nuna cewa mai ilimin besbol a ƙasar nan yana da daraja, don ba su da yawa. Amma daraja daban, abincin gida daban, kuma kai mai shirin ajiye iyali ne.

Saboda haka ga abin da nake so ka riƙe. Sana'arka koyar da wasanni ce, besbol kuma ɗaya ne daga cikin abin da kake koyarwa, ko da shi ne mafi soyuwa a ranka. In ka je Accra a matsayin kocin besbol kawai, ranar da tallafin ƙungiya ya ƙare aikinka ya ƙare. In ka je a matsayin malamin wasanni da zai shirya wa makaranta 'yan gudu, ya horar da gola, ya tsara ranar wasannin shekara, sannan ya kawo musu besbol da babu wata makarantar kusa da ke da shi, to kai mutum ne da makaranta za ta ji zafin rabuwa da shi. Abin da Baba ya kira aibinka shi ne zai riƙe ka a wurin aiki.

Yanzu Baba. Ina roƙonka ka zauna a kujerarsa na ɗan lokaci. Mutumin Kumasi mai shekarunsa ya tashi da labarin Baba Yara, ɗan zangon da aka kira sarkin 'yan wasan gefe, wanda ya yi wa Asante Kotoko da Black Stars abin da ba a manta ba. Hatsarin mota ya same shi a 1963 yana ɗan shekara 26, bai ƙara tsayawa da ƙafarsa ba, ya rasu a 1969. Sunansa yana jikin filin da ka yi gudu a ciki, amma dattawa sun tuna yadda ƙarshensa ya kasance. Kuma ba sai an je da nisa ba, kowane zango yana da tsohon ɗan ƙwallon da aka taɓa ɗauka a kafaɗa, yau yana zaune a majalisar ataya yana jiran wanda zai saya masa koko. Samari suna ganin Mohammed Kudus da ya fito daga Nima ya kai Ajax da Ingila, iyaye kuwa suna ƙirga sauran da suka taso tare da shi ba a ji ɗuriyarsu ba. Sannan shi Baba da idonsa ya ga an ɗauko ɗansa daga fili da gwiwa a kumbure. Da ya ce wasa na yara ne, abin da yake faɗa a ƙasan zuciyarsa shi ne, wasan nan ya taɓa karya mini kai, ba na so ya sake.

Akwai kuma tsoro na biyu da ba zai furta ba, don namiji mai girma ba ya cewa ɗansa "ina bukatarka". Yana da hawan jini, ya gina shago da guminsa a Magazine inda ciniki sai da sanayya, kai ne ka san makanikan da ake ba bashi da waɗanda ba a ba, ka san wane dila ne kayansa na gaske. In ka tashi, yana ganin shagon zai bi bayanka. Wannan tsoron yana da tushe, kuma haƙƙinsa ne a kanka ka amsa shi da aiki. Lallashin baki kaɗai ba zai wadatar ba.

Kafin ka sake tayar da maganar a gida, ka fara da mutanen Accra, domin a halin yanzu ba ka da abin da za ka ajiye a gaban Baba sai alkawarin baki. Dokar ƙwadago ta Ghana ta 2003 ta ce duk aikin da zai kai wata shida ko fiye sai an rubuta yarjejeniya. Neman takarda ba rashin kunya ba ne, ba kuma rashin yarda ba ne, mutanen kirki ma daɗi za su ji. Ka tambaye su wa zai biya ka, makarantar ko ƙungiyar, don in an ce su biyu ne, ranar da kuɗi ya makara kowa zai nuna ɗan'uwansa. Ka ji ko albashin yana tafiya har lokacin hutun makaranta, ko za a sa ka a SSNIT, asusun fanshon ma'aikata, da kuma wanda zai ɗauki nauyi in yaro ya ji ciwo a hannunka, ko kai ka ji. Ka tambayi kayan wasa, sanduna da safar hannu da hulunan kwano, wa zai kawo su, domin ba abin da ake shiga kasuwa a tsinta ba ne. Sai maganar masauki, wadda ita ce ke cinye baƙo a Accra. Doka ta ce kada mai gida ya karɓi kuɗin haya na gaba fiye da na wata shida, amma kowa ya san shekara ɗaya ko biyu ake nema, a Nima ne ko Madina ko Ashaiman. Ƙaramin albashi da ɗaki a cikin makaranta ya fi babban albashi da ba ɗaki. A nan ne kuma za ka gabatar musu da kanka a matsayin malamin wasanni gaba ɗaya, ka nemi a rubuta haka a takardar, rabin albashin aƙalla ya fito daga aljihun makarantar. In suka yi ta ja maka rai, "ka zo tukuna ma gani", to ɗana kada ka ɗaga ƙafa. Ba a barin shago da sa rana a kan "ma gani".

Abu na biyu shi ne takardar shaida, kuma wannan ko ka tafi ko ka zauna sai ka neme ta. Shekara shidan da ka yi a fili ilimi ne, amma ofis ba ya ganin abin da ba a rubuta ba. Jami'ar Ilimi ta Winneba tana da sashen koyar da motsa jiki da wasanni, haka ma Jami'ar Cape Coast, kuma jami'o'inmu suna da ƙofar manyan ɗalibai ga wanda ya kai shekara 25, sai ya zauna jarrabawar shiga. Akwai tsarin karatu na lokacin hutu da na nesa ga masu aiki, ka je da kanka ka tambayi wanda ya dace da kai da kuɗinsa. Da wannan takardar, da lasisin koyarwa, kai malami ne a ko'ina a Ghana, ko an daina besbol gobe. Ka kuma kai kanka ga hukumar besbol ta ƙasa a san da kai da yaranka, don duk kwas ɗin koci da zai zo, ko daga Japan ko daga hukumar duniya ta WBSC, ta hannunsu yake biyowa, kuma wanda aka sani shi ake kira. Wata gajeriyar magana a nan, tunda na ga idonka yana kallon Amurka: duk wanda ya same ka a Facebook ko WhatsApp ya ce ka turo kuɗi zai samo maka aikin koci da biza, ka rufe wayar. Kulob na gaske ba ya karɓar kuɗi a hannun wanda zai ɗauka aiki.

In takarda ta zo hannunka kuma ta yi ma'ana, sai ka koma ga Baba, amma ba kai kaɗai ba, ba kuma a shago gaban yara da masu ciniki ba. Ka nemi wanda Baba yake jin nauyinsa, baffanka ko amininsa ko limamin masallacinku, ka fara yi masa bayani shi kaɗai har ya gamsu. Mahaifiyarka ba ka ambace ta ba; in tana raye, ita ce ta san lokacin da Baba yake sauraro da lokacin da ba ya yi, kada ka tsallake ta. A zaman, kada ka kawo sunan Roberts ko Amurka, ba abin da zai ƙara sai nisa. Ka fara da ba shi haƙuri kan ɓacin ran da ya shiga. Sannan ka ce masa aikin malanta aka ba ka a makaranta, ga takarda, ga albashi, ga masauki, kuma za ka haɗa da karatu. Wannan ba wayo ba ne, gaskiyar aikin ke nan in ka tsara shi yadda na faɗa, kuma a wurin dattijo malami mutum ne mai mutunci. Idan malamin da ke wurin ya ga dama, shi zai tuna wa Baba cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, don haka motsa jiki ba abin raini ba ne. Daga bakinsa za ta fi kyau, daga naka za ta zama kamar kana yi wa mahaifinka wa'azi.

Sai ka ajiye masa tsarin shago. Ƙanenka yana zaune, ƙanwarka ta karanta akanta, wato Allah ya riga ya ajiye muku hannu biyu a gida. Amma ka tambaye su tukuna, da gaske, kada ka sauke kayanka a kansu don kai ka samu hanya, su ma suna da abin da suke so. In sun yarda, ka ɗauki wata biyu ko uku kana zaunar da ƙanenka kusa da kai, ka zagaya da shi wurin diloli da makanikai a san fuskarsa, ƙanwarka ta mayar da bashi da kaya cikin littafi ko kwamfuta yadda ko kana Accra za ka duba a waya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tsakanin Kumasi da Accra kusan kilomita 250 ne, ba wata uwa duniya ba, ka yi alkawarin zuwa duk ƙarshen wata da dukkan hutun makaranta, ka kuma cika. Ka ɗauki nauyin maganin Baba daga albashinka komai ƙanƙantarsa, wannan zai yi magana fiye da bakinka. Sannan ka ba shi wa'adi a gaban shaidu: shekara ɗaya. In ta cika aikin bai tsaya da ƙafarsa ba, ko shago ya fara tangaɗi, ko jikin Baba ya motsa, za ka dawo ba gardama. Uba yakan ƙi abin da ba shi da iyaka, ya yarda da abin da ya san ƙarshensa.

Idan duk an yi wannan ya ce a'a fa? Ra'ayina shi ne kada ka tafi cikin fushinsa. Ba don aikin haramun ba ne, kai baligi ne kuma neman halal kake. Amma aikin shekara ɗaya mai ƙaramin albashi bai kai a saye shi da karyewar zuciyar uba marar lafiya ba, kuma in wani abu ya same shi kana can, nauyin da za ka ɗauka ya fi baƙin cikin da kake gudu. Sai ka roƙi mutanen Accra su ɗaga maka zuwa zangon karatu na gaba, ko su bar ka ka riƙa zuwa lokacin hutu kana yi wa yaransu horo na mako biyu. Ka kuma buɗe ido a Kumasi ɗin kanta, domin haƙura da Accra ba haƙura da sana'ar ba ne. Makarantun kuɗi sun cika garin, kuma da yawansu suna neman abin da za su nuna wa iyaye. Akwai sabon salon wasan da ake kira Baseball5: mutum biyar-biyar, ƙwallon roba kawai, da hannu ake bugu, ba sanda ba safar hannu, ana yinsa a farfajiyar makaranta, yara maza da mata. An yi gasar duniyarsa ta farko a Meziko a 2022, an kuma sa shi cikin Olamfik na matasa na Dakar na 2026. Da wannan za ka iya shiga makaranta uku ko huɗu da yamma, kowacce ta biya ka kaɗan, shago yana hannunka da safe. Ranar da Baba ya ga kuɗin farko ya shigo gida daga fili, maganar Accra za ta yi sauƙi in ta sake tasowa.

Yarinyar da za ka aura ka ambace ta a layi ɗaya, ni kuwa ina ganin ita ce ta fi kowa haƙƙin ji da wuri. Rayuwarta ce ake tsarawa. Ka gaya mata komai tun yanzu, har adadin albashin, ka ji ko za ta iya zaman Accra a ɗaki ɗaya nesa da danginta, ko ta fi son ta zauna a Kumasi shekarar farko kana zuwa. Kada ka yi mata ado da maganar, kada kuma ka bari ta ji a bakin 'yan unguwa. Iyayenta da ɗan shago suka yi alkawari, don haka in abu ya tabbata, manyanka su je su sanar da su kafin ɗaurin aure. In suka nemi a ɗan ɗaga rana har a ga kamun ludayin aikin, kada ka ɗauke shi cin fuska, 'yarsu suke dubawa. Mace da yawa takan jure ƙaramin samu in an yi shawara da ita, abin da ba ta jurewa shi ne a ɓoye mata.

Kada kuma ka manta da yaran filinka. Su ba su rubuto mini ba, amma suna cikin wannan magana. A cikin waɗanda ka fara da su akwai wanda ya girma yanzu, ka fara ba shi usur da ragamar horo tun kana nan, ka haɗa shi da iyayen yaran, ka rubuta masa tsarin mako a takarda. In ka tafi fili ya mutu, mutanen Accra ma za su gane cewa kai kaɗai ne aikin. In ya ci gaba, ka tabbatar kai koci ne mai yaye wasu, kuma kana da ƙungiyar da za ka kawo ta kara da ta Accra.

Ka yi istihara kafin zaman da Baba, ba bayansa ba. Sannan a makon nan, kafin komai, ka je a duba maka gwiwar nan a asibiti, Komfo Anokye yana kusa da kai, ka sabunta katin inshorar lafiyarka in ya mutu. Koyar da yara awa biyu da yamma daban yake da tsayuwa a fili tun safe har la'asar kwana biyar a mako, kuma ya kamata ka san abin da ƙafar za ta iya ɗauka kafin ka sa hannu a kowace takarda. Allah ya zaɓa maka mafi alheri, ya sanyaya zuciyar Baba.